Abin da ke durƙusar da shafukan intanet ranar cunkoso, da lissafin da injiniyoyi ke yi kafin a buɗe ƙofa

A ranar 1 ga Oktoban 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafin HealthCare.gov, inda aka tsara mazauna jihohi 36 za su sayi inshorar lafiya a ƙarƙashin dokar da Shugaba Barack Obama ya sanya wa hannu a 2010. Cikin 'yan sa'o'i shafin ya durƙushe. Takardun cikin gida da wani kwamitin majalisar wakilan ƙasar ya fitar daga baya sun nuna cewa mutum 6 kacal suka iya kammala rajista a ranar farko. Babban jami'in fasaha na gwamnatin a lokacin, Todd Park, ya ce an yi tanadin mutum 50,000 zuwa 60,000 a lokaci guda, sai ga kusan 250,000 sun yi dafifi.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga mai karatu a Nijeriya. Duk wanda ya taɓa neman sakamakon jarrabawa a ranar da aka sake shi, ko ya cike takardar neman aikin gwamnati a daren da za a rufe shafi, ko ya yi ƙoƙarin tura kuɗi ta waya a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, ya san farin allon nan da ƙaramar da'ira ke ta juyawa a kansa. Bayanin da aka saba ji daga hukumomi shi ne mutane sun yi yawa. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Hukumar da ta yi wa ɗalibai kusan miliyan 2 rajista, kamar yadda JAMB ke yi a 'yan shekarun nan, ta san adadin masu zuwa tun watanni kafin ranar. Abin da ke kayar da shafi sau da yawa ba yawan baƙi ba ne shi kaɗai. Tsawon lokacin da kowane baƙo ke riƙe mai yi masa hidima shi ne ke yanke hukunci, kuma wannan abu ne da ake iya aunawa, a lissafa, a gyara.

Abin da ke faruwa idan an latsa maɓalli

Idan ɗalibi ya shigar da lambarsa ya latsa maɓalli, wayarsa na aika saƙo zuwa wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke. Wannan saƙo shi ake kira buƙata. A mafi yawan shafuka buƙatar na ratsa matakai uku. Da farko akwai manhajar bakin ƙofa, irin su Apache ko Nginx, wadda ke karɓar saƙo daga intanet. Daga nan sai manhajar da ke yin ainihin aikin, wadda aka rubuta da harshen kwamfuta irin su PHP ko Java ko Python: ita ke tantance lambar, ta shirya amsa. A can ciki kuma akwai rumbun bayanai, irin su MySQL ko PostgreSQL ko Oracle, inda sunaye da maki da lambobin asusu suke kwance.

A mataki na biyu, kowace buƙata sai an ba ta mai hidima ɗaya, wani ɗan ɓangare na manhajar da zai riƙe ta tun daga farko har a mayar da amsa. Injiniyoyi na kiran sa ma'aikaci, ko zare. Adadin waɗannan ma'aikata yana da iyaka, kuma iyakar a rubuce take cikin wani ɗan fayil na saiti. Tomcat, wadda ake gudanar da manhajojin Java a kanta, tana zuwa da zare 200. Tsohon tsarin Apache, wanda ke ware wa kowace buƙata cikakken ma'aikaci, yana tsayawa a 256. PHP-FPM kuwa, wadda ɗimbin shafuka ke dogara da ita, fayil ɗin da take zuwa da shi ma'aikata 5 kawai ya ba da izini. Waɗanda suka rubuta manhajojin sun zaɓi waɗannan lambobi ne domin su yi aiki a kan kowace irin kwamfuta ba tare da sun cinye ta ba. Ba su san ko shafin na ƙaramin shago ba ne ko na hukumar ƙasa. Shafin da aka ɗora aka bar lambobin nan yadda suka zo, zai yi aiki lafiya ƙalau a ofishin mai kwangila ranar nuni, domin mutum uku ne ke gwada shi.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

A 1961 wani masanin Amurka, John Little, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar MIT, ya tabbatar da wata ƙa'ida mai sauƙin faɗi: adadin waɗanda ke cikin wuri a kowane lokaci daidai yake da yawan masu shigowa a sakan ɗaya, a ninka shi da tsawon lokacin da kowa ke ɗauka a ciki. Ƙa'idar ta shafi gidan mai da asibiti da zauren banki, kamar yadda ta shafi uwar garke.

A ɗauka buƙata 500 ke shigowa a kowane sakan, kowace kuma tana ɗaukar kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Ma'aikata 100 ke nan ke kan aiki a kowane lokaci, saboda haka Tomcat mai zare 200 tana da sauran numfashi. To, a ce rumbun bayanai ya yi nauyi, buƙatar da ke ɗaukar kashi ɗaya cikin biyar na sakan ta koma ɗaukar sakan 2. Baƙi ba su ƙaru ko da mutum ɗaya ba, amma yanzu ma'aikata 1,000 ake bukata. Zare 200 ɗin da ake da su buƙata 100 kawai za su iya sallama a sakan, sauran 400 na taruwa a baya. Cikin minti ɗaya layin ya kai 24,000. Abin da mai waya zai gani shi ne shafi ya mutu, alhali kuwa uwar garke na nan da ranta, duk ma'aikatanta sun tsaya ne suna jiran amsa daga rumbu.

Wannan ne ya sa gogaggen injiniya, idan aka kira shi cikin dare, ba ya fara tambayar mutum nawa suka shigo. Tambayarsa ta farko ita ce sakan nawa buƙata ɗaya ke ɗauka, kuma a wane mataki take ɓata lokacin. Rage lokacin da rabi daidai yake da ninka ma'aikata sau biyu, ba tare da an sayi ko ƙusa ba.

Akwai wani lissafin da ya girmi na Little. Agner Erlang, masanin lissafi ɗan ƙasar Denmark da ya yi aiki a kamfanin tarho na birnin Kopenhagen, ya fara wallafa bincikensa a kan cunkoson kira a 1909, domin kamfanin ya san layukan waya nawa zai shimfiɗa. Ilmin layi da ya faro daga aikinsa ya nuna abin da hankali ba ya saurin karɓa. Tun da baƙi ba a jere suke zuwa ba, wani lokaci su zo a dunƙule, wani lokaci a yi shiru, jira ba ya ƙaruwa sannu a hankali yadda aiki ke ƙaruwa. A misali mafi sauƙi, na mai hidima ɗaya, idan aiki ya cika rabin lokacinsa, baƙo zai ɗauki ninki 2 na lokacin hidimar. Idan ya cika kashi 80 cikin ɗari, ninki 5. A kashi 90, ninki 10. A kashi 99, ninki 100. Ma'ana, shugaban hukumar da ya ga rahoto cewa na'urorinsa na aiki da kashi 85 cikin ɗari na ƙarfinsu ya yi murna cewa ba a yi asarar kuɗi ba, a bakin rami yake tsaye bai sani ba. Sararin da ake bari a uwar garke ba almubazzaranci ba ne, shi ne ke shanye dafifin da ke zuwa ba zato.

Me zai hana a ƙara ma'aikata?

Abin da kowa ke fara tunani ke nan: in zare 200 sun yi kaɗan, a mayar da su 2,000. A nan ne aka fi yin gyaran gangar Auzinawa.

Kowane ma'aikaci yana cin wani kaso na ma'adanar aiki ta kwamfuta, wadda ake kira RAM. A ɗauka uwar garke na da gigabayit 8, an ware 2 domin sauran hidimomin na'urar, kowane ma'aikacin PHP kuma an auna an ga yana cin megabayit 60. Ma'aikata 100 ke nan wurin zai ɗauka. Idan aka rubuta 400 a fayil ɗin saiti, a ranakun da babu kowa ba za a ga komai ba. Ranar cunkoso ce dukkan 400 za su tashi, su nemi gigabayit 24 a inda 6 kawai ake da su. Daga nan kwamfutar za ta fara kwashe abin da ke ma'adanar aiki tana jibgewa a faifai, wanda ya fi ta nawa nesa ba kusa ba, ko kuma tsarin Linux ya fara kashe manhajoji domin ya ceci kansa, kuma ba mamaki rumbun bayanan ne zai fara kashewa, tun da shi ya fi kowa ci. Shafin da da zai yi wa mutum 100 hidima ya bar sauran a layi, yanzu ba ya yi wa kowa.

Haka abin yake ga na'urar sarrafawa. Tana da kawuna 4 ko 8 ko 16, kowane kai kuma aiki ɗaya yake yi a lokaci guda. Zare dubu a kan kawuna 8 ba su sa aiki ya yi sauri; na'urar za ta riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan, kowane tsalle da farashinsa. Shi ya sa masu Gunicorn, wadda ake gudanar da manhajojin Python a kanta, suka ba da shawarar a fara da ninki biyu na yawan kawuna a ƙara ɗaya. Na'ura mai kawuna 4, ma'aikata 9. Lambar tana ba sabon shiga mamaki saboda ƙanƙantarta. Bambancin da ake dubawa shi ne irin aikin: idan ma'aikaci lissafi yake yi, kamar matse hoto ko ɓoye kalmar sirri, yawan kawuna ne iyakarsa, idan kuwa jira ya fi yi, jiran rumbu ko jiran amsar wani banki, ana iya ƙara adadin, gwargwadon abin da ma'adanar aiki za ta ɗauka.

Baƙon da ke tafiyar hawainiya

Akwai wani nau'in jira da ya shafi ƙasashe irin Nijeriya kai tsaye, inda akasarin masu shiga shafi da wayar hannu suke shiga, sau da yawa a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Ma'aikaci na iya gama shirya amsa cikin ƙiftawar ido, amma isar da ita ga wayar da ke kan raunin sabis ta ɗauki sakan 8. A tsohon tsarin Apache, ma'aikacin nan mai cin megabayit 60 zai tsaya cak har sai harafin ƙarshe ya isa. Mai ɗora hoton fasfo ko takardar makaranta a kan irin wannan sabis ya fi haka riƙe shi. A 2009 wani mai binciken tsaro, Robert Hansen, ya fitar da wata 'yar manhaja mai suna Slowloris da ta nuna cewa kwamfuta ɗaya tak na iya tsayar da uwar garken Apache ta hanyar buɗe ɗaruruwan hanyoyi tana aika saƙo kaɗan-kaɗan da gangan. Abin da maharin ke yi da niyya, raunin sabis na yin sa ba da niyya ba.

Matsalar ta daɗe da samun suna. A 1999 wani injiniya, Dan Kegel, ya rubuta bayani a kan abin da ya kira C10K, wato yadda kwamfuta ɗaya za ta riƙe baƙi 10,000 a lokaci guda. Hujjarsa ita ce na'urorin zamanin sun isa, tsarin manhajojin ne ya gaza. Amsar da ta fi shahara ta fito ne daga Rasha, inda Igor Sysoev, ma'aikacin kamfanin Rambler, ya fara rubuta Nginx a 2002, ya sake ta ga jama'a a 2004. Dabararsa ta yi kama da ta ƙwararren mai shayi: ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya har ya shanye, yana zuba wa wannan, ya fasa wa wancan ƙwai, ya karɓi kuɗin na uku, duk wanda ya ɗaga hannu shi zai waiwaya. Ma'aikatan Nginx kaɗan ne, galibi ɗaya ga kowane kai na na'urar sarrafawa, amma kowanensu na lura da dubban hanyoyi, ba ya taɓa wata sai tana da abin karɓa ko na bayarwa.

Saboda haka tsarin da aka fi bi a yau shi ne a ajiye Nginx a bakin ƙofa. Ita za ta haƙura da baƙo mai tafiyar hawainiya har buƙatarsa ta cika, sannan ta miƙa wa ma'aikaci mai tsada. Shi kuma ya ba ta amsa nan take ya koma ga na gaba, ita ta ci gaba da ɗiga wa wayar. Bambancin farashin ya fito fili a saitin da manhajojin biyu ke zuwa da shi: Apache na barin hanyar da ba a amfani da ita a buɗe na sakan 5, Nginx kuwa har sakan 75, domin hanyar da ke zaune shiru kusan ba ta cin komai a wurinta. Apache ma ta bi sahu, tun daga fitowar 2.4 a 2012 tana da ingantaccen tsari irin wannan. Node.js, da Ryan Dahl ya fitar a 2009, a kan wannan dabara aka gina ta, Java kuma ta kawo zare marasa nauyi a fitowa ta 21 a 2023. Kamfanin WhatsApp ya sanar a farkon 2012 cewa ya riƙe hanyoyi sama da miliyan 2 a kan uwar garke ɗaya, da harshen kwamfuta mai suna Erlang, sunan da ake dangantawa da wancan masanin na Kopenhagen.

Sai dai shi kansa Linux yana da nasa iyakokin da ake mantawa da su. A na'urori da dama manhaja ɗaya ba ta iya buɗe fayil fiye da 1,024, kowace hanyar baƙo kuma a matsayin fayil ake ƙirga ta. Layin jiran shiga ma ya daɗe a kan 128, sai a 2019 aka ɗaga shi zuwa 4,096. Gyaransu layi ɗaya ne ko biyu a fayil, ga wanda ya san suna nan.

Ƙofar da ta fi ƙunci

Ana iya jera uwar garke goma a gaba, a sa wata manhaja tana raba musu baƙi, ko a yi hayar na'urori daga kamfanonin da ke ƙara su da kansu idan cunkoso ya taso. Amma galibi dukkansu rumbun bayanai ɗaya suke kallo, kuma a nan gizo ke saƙa. PostgreSQL na zuwa da izinin hanyoyi 100, MySQL 151. Uwar garke goma, kowace da ma'aikata 100, hanyoyi 1,000 ke nan suke nema.

A nan ma ƙara lamba ba shi ne magani ba. Injiniyoyin kamfanin Oracle sun taɓa yin wani gwaji da ya yi suna a tsakanin masu wannan sana'a: sun rage hanyoyin shiga rumbu daga 2,048 zuwa 96, ba su taɓa komai ba bayan haka, sai lokacin amsa ya sauko daga kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan zuwa kusan kashi biyu cikin dubu. Dalilin shi ne dubban tambayoyi da ke kokawa a kan faifai ɗaya da layukan bayanai ɗaya suna tare wa juna hanya. Idan aka shigo da su kaɗan-kaɗan, kowace ta gama da sauri ta fita. Abin da ake yi shi ne a buɗe 'yan hanyoyi ƙalilan na dindindin, ma'aikata su riƙa ara suna mayarwa. HikariCP, wadda ke wannan aiki a manhajojin Java, da hanyoyi 10 take farawa.

Bayan haka sai a duba tambayoyin kansu. Rumbun da ke ɗauke da sunaye miliyan 2, idan ba a yi wa lambar rajista fihirisa ba, duk tambaya sai ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Layi ɗaya na umarni ke gina fihirisar, kuma sau da yawa shi kaɗai ya fi sayen sabuwar na'ura amfani.

Mafi arhar buƙata kuwa ita ce wadda ba ta kai ga rumbu ba sam. Jerin jihohi da ƙananan hukumomi, tambarin hukuma, sharuɗɗan neman aiki, duk ba sa sauyawa daga minti zuwa minti, don haka ana ajiye kwafinsu a ma'ajiyar kusa, irin su Redis ko Memcached, ko a bar Nginx ta riƙa bayar da su kai tsaye. Sakamakon jarrabawa ma haka yake: da zarar an amince da shi ba ya sauyawa, ana iya shirya amsar kowane ɗalibi tun kafin a yi sanarwa. Akwai kuma dabarar janye jama'a daga shafin gaba ɗaya, kamar yadda JAMB ke ba ɗalibai damar duba sakamako ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019. Saƙon tes na iya jira a layi ba tare da ya riƙe ma'aikaci ba.

HealthCare.gov ta faɗa cikin kusan duk waɗannan ramuka. Dab da buɗewa aka yanke shawarar cewa ba wanda zai ga farashin inshora sai ya fara buɗe asusu. Da haka aka tura kowa, har da masu son leƙe kawai, ta ƙofar da ta fi kowace ƙunci da tsada, wato sashen tantance mutum. Tawagar ceto da aka haɗa a tsakiyar Oktoba a ƙarƙashin Jeffrey Zients, cikinta har da Mikey Dickerson daga kamfanin Google, ta tarar babu wani allo guda da ke nuna lafiyar shafin baki ɗaya. Sai da suka fara kafa ma'auni, sannan suka sa ma'ajiyar kusa a gaban rumbun, domin shafin ya daina maimaita tambaya ɗaya sau dubbai.

Iya cewa a'a

Ko an yi duk wannan, wata rana baƙi za su fi ƙarfin na'ura. Abin da ya rage shi ne yadda za ta yi idan hakan ta faru, kuma a nan ne halayyar ɗan Adam ke shigowa. Mutumin da ya jira sakan 10 bai ga komai ba zai sake latsawa. Buƙatarsa ta farko ba ta ɓace ba, tana nan a layi, uwar garke kuma za ta yi mata aiki ta aika amsa ga wanda ya riga ya tafi. Mutum ɗaya ya zama uku, ya zama biyar. Manhajojin waya da aka tsara su sake gwadawa da kansu suna ƙara wa wutar fetur. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Idan harkar kuɗi ce, a nan ake samun wanda aka cire wa kuɗi sau biyu, sai fa idan an ba kowace hada-hada lamba ta musamman da za ta sa na'ura ta gane maimaici.

Layi marar iyaka yaudara ne. Ya fi kyau a taƙaita shi, duk wanda ya zo bayan ya cika a ba shi amsa nan take cewa a dawo an jima. Lambar 503 da ake gani a allo wannan take nufi, kuma duk da haushin da take bayarwa, alama ce ta shafin da ke kare waɗanda ke ciki. Lambar 504 ce ke nuna cewa bakin ƙofa ya jira manhajar ciki har ya gaji, wanda a Nginx sakan 60 ne idan ba a sauya ba. 502 kuma na nufin amsar da ta fito daga ciki ba ta da kan gado, ko manhajar ta faɗi. Minti guda na jira ya yi yawa ga shafin da mutane ke barin sa bayan sakan 10. Haka nan ana koya wa manhajar waya ta riƙa ninka tazarar da ke tsakanin gwaji da gwaji, ta kuma ɗan sassaɓa lokacin, domin kada wayoyi dubu ɗari su dawo a sakan ɗaya. Wasu shafukan kuma kan yi zauren jira na musamman, inda ake nuna wa mutum matsayinsa a layi. HealthCare.gov ta yi irin wannan daga baya, har tana karɓar adireshin imel domin ta sanar da mutum idan hanya ta buɗe.

Ba kowace faɗuwa ce ta cunkoso ba, kuma lambar da ke allo na taimakawa wajen bambancewa. A rahoton da hukumar zaɓe ta INEC ta fitar a kan babban zaɓen 2023, ta ce abin da ya hana ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a shafin IReV a ranar 25 ga Fabrairu kuskuren saiti ne da ya haifar da lambar 500, wato manhajar da kanta ce ta ci karo da abin da ba ta iya sarrafawa ba. Irin wannan ko uwar garke dubu aka ƙara ba za ta warkar da shi ba.

Gwaji kafin ranar

Duk lambobin da aka ambata a sama mafari ne kawai. Lambar da ta dace da wani shafi sai an gwada ake sanin ta. Akwai manhajoji na kyauta, irin su JMeter da Locust da k6, waɗanda ke kwaikwayon dubban baƙi. Ana farawa da kaɗan, ana ƙarawa, har a kai inda yawan waɗanda ake sallama ya daina hawa, lokacin jira kuma ya fara tashi sama. A nan ake duba abin da ya fara cika: na'urar sarrafawa ce, ma'adanar aiki ce, ko hanyoyin rumbu. A sauya abu ɗaya, a sake gwadawa. Wanda ya sauya abu biyar a tare ba zai san wanne ya yi amfani ba.

Gwajin ma yana da nasa tarko. Wanda ya auna shafin farko kaɗai bai auna komai ba, domin nauyin yana wurin shiga asusu da ɗora takardu da biyan kuɗi. Rumbun gwaji mai sunaye 500 ba zai nuna rashin fihirisa ba. Matsakaicin lokaci kuma yana ɓoye masu shan wahala: idan mutum 99 sun samu amsa cikin rabin sakan, ɗaya ya jira sakan 30, matsakaicin bai kai sakan ɗaya ba, rahoto ya yi kyau. Amma ɗaya cikin ɗari na mutum miliyan 2, mutum 20,000 ne. Shi ya sa ƙwararru ke duba lokacin da kashi 95 ko 99 cikin ɗari na buƙatu ke kammaluwa a cikinsa. Kwangilar gina shafin gwamnati da ba a rubuta waɗannan lambobi a cikinta ba, buƙata nawa a sakan, cikin wane lokaci, da shaidar gwaji kafin a biya kuɗi, ta bar mai kwangila ya auna kansa da kansa.

'Yan kwangilar HealthCare.gov sun shaida wa majalisar Amurka a ƙarshen Oktoban 2013 cewa gwajin tsarin gaba ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe, a makonni biyun ƙarshe kafin buɗewa aka yi shi, alhali watanni ya kamata a ba shi. An fafe gora ranar tafiya. A ranar 1 ga Disamba, bayan gyare-gyare sama da 400, gwamnati ta sanar cewa lokacin amsa ya sauko daga sakan 8 zuwa ƙasa da sakan 1, kurakurai daga kashi 6 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 1, shafin kuma na iya ɗaukar mutum 50,000 a lokaci guda, wato adadin da aka yi niyya tun farko. A ranar 31 ga Maris na 2014, ranar ƙarshe ta rajista, shafin ya sake tsayawa na wasu sa'o'i, aka koma ga zauren jira. A watan Afrilu sakatariyar lafiya Kathleen Sebelius ta yi murabus, a daidai lokacin da adadin waɗanda suka yi rajista a shafin tarayya da na jihohi ke haura miliyan 7, kafin daga bisani ya kai miliyan 8.